Allurar ƙarin jini ba ta shagon kemis ba ce

Mace ce mai cikin fari, wata bakwai, daga wani lungu da ke bayan Kasuwar Kurmi. A wajen awo aka ce jininta ya yi ƙasa, muka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Ta sha na 'yan kwanaki ta ajiye, wai suna tayar mata da zuciya. Sai uwar mijinta ta ce, "Ke 'yar nan, tashi mu je yaron nan mai kemis ya yi miki allura a wuce wurin."

Da suka je, mai kemis ya zuƙi allurar ƙarin jini ta iron dextran ya danna mata gaba ɗaya. Bai yi gwaji ba, babu adrenalin a shagon. Kafin ta gyara zani leɓenta ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Shi kuwa ruwan leda ya dinga yayyafa mata yana cewa tsoron allura ne! A-daidaita-sahu ba ya shiga lungun, a hannu aka fito da ita titi, aka nufi Asibitin Murtala. Ita dai Allah ya yi da sauran kwananta. Ɗan bai zo da rai ba.

Dextran ba guba ba ne. Ƙwayar bakteriya Leuconostoc mesenteroides ce ke sarrafa sukari ta fitar da shi, shi ne yauƙin da ke ɓata ruwan rake idan ya daɗe bayan sara. Tun shekarun 1940 masana a Suwidin suka mai da shi ruwan da ake ɗaura wa wanda ya zubar da jini. Ɗan'uwansa xanthan, na bakteriyar da ke ruɓar da kabeji a gona, muna cin sa a yogot lafiya lau. Amma na baki daban, na allura daban. Akwai jikin da ke yi wa dextran bore nan take, kuma ba a gane mai shi a fuska.

Miligiram 25 ake fara gwadawa, a zuba ido awa guda, adrenalin na kusa. Babu adrenalin, babu allura. Ko gwajin ma yana iya tayar da boren, shi ya sa sai a asibiti. Ba a yin ta a watanni ukun farko na ciki. Mai asma ya faɗa tun kafin a tambaye shi.

Haba iyayenmu mata! Idan ƙwaya ta dame ta, ku dawo mana da ita, akwai yadda za mu canza mata. Mai kemis kuwa, lasisinsa bai ba shi damar riƙe sirinji ba, ballantana wannan allurar. Ku kuma daina haɗa ƙwayar da shayi, yana hana ta shiga jiki.