Darasin Wannan Wata: Funfuna a Saiwar Magani

'Yan'uwa manoma, kusan kowane gida a ƙasarmu akwai ƙullin saiwa a rataye ko a cikin tukunya: sanya, rawaya, tafashiya, tsada. Darasin nan ba domin a hana kowa amfani da itatuwan da Allah ya halitta ba ne. Abin da muke so mu duba shi ne yadda saiwar kirki takan zama guba tun ba ta shiga jiƙo ba.

Ku dubi ƙasar Dambatta da Makoda da Kunci da Bichi. Gona tana manne da gona, saurar da za a shiga a haƙo magani ta yi wuya. Saboda haka yawancin saiwoyin da muke saye daga nesa suke fitowa, su bi ta Kasuwar Kurmi a birni, sa'an nan su iso kasuwannin ƙauye. Mai haƙa yakan cusa su cikin buhu da ɗanyensu, gama nauyi yake so. Su kwana a mota, su yi makonni a rumfa, wani lokaci a kan ƙasa mai laima. Zafi da danshi kuwa su ne abincin funfuna.

Funfuna iri-iri ce. Akwai wadda masana suke kira Aspergillus flavus, mai launin tsanwa-tsanwa da ruwan ɗorawa. Cikin ƙasa take zaune, don haka duk abin da aka tono daga ƙasa, ko gyaɗa ko saiwa, da irinta yake fitowa. In ta sami laima sai ta yi girma, ta zubar da wani dafi da ake kira afalatoksin. An gano dafin nan bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, inda talo-talo fiye da 100,000 suka mutu saboda ƙuli-ƙulin gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A ƙasar Kenya kuma, a 2004, mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu, don sun ci masarar da aka adana ba ta bushe ba. Tun daga lokacin an yi ta gwada kayan yaji da busassun saiwoyi a ƙasashe da dama, Nijeriya ma tana ciki, ana kuwa samun dafin a cikin waɗansu.

Hanta ita ce dafin nan yake nema. In ya yi yawa a lokaci guda, sai amai, da kumburin ciki, ido ya yi rawaya. In kaɗan-kaɗan ne shekara da shekaru, yakan kawo ciwon daji na hanta, musamman ga wanda yake ɗauke da ƙwayar ciwon hanta da likitoci suke kira nau'in B. Yara kuma yakan tauye musu girma. To, ku lura da nan da kyau. Wa ake jiƙa wa saiwar rawaya? Mai shawara. Watau mutumin da hantarsa ta riga ta gaji. In saiwar ta yi funfuna, kun ga an ƙara wa jaki kaya a kan gyambo. Jiƙo kofi ɗaya ba zai kai tuwon masara lalatacciya yawan dafi ba, gaskiya ne, amma safe da yamma ake sha, mako biyu ko uku, kuma marar lafiya da mai jego da jariri ne masu sha.

Mutane da yawa sukan ce, ai za a tafasa. Tafasa tana kashe funfunar, amma dafin yana nan, gama zafin tukunyarmu ba ya rushe shi. Wankewa da kankarewa ma ba su isa ba, domin zaren funfuna yakan shige can cikin saiwa inda ido ba ya gani. Cikin Littafin Firistoci sura 14, in tabo mai tsanwa ya kama bangon gida ya yaɗu, ba shafe shi kawai ake yi ba, ciro duwatsun ake yi a kai su bayan gari. Haka za mu yi da saiwar da ta yi funfuna: a ƙone ta ko a binne. Kada a zuba inda awaki za su ci. Abin da ya shafi saiwa ya shafi ruɓaɓɓiyar gyaɗa da dusa, domin dafin yana fita cikin nonon dabba.

In kai ne ka haƙo, ka kakkaɓe ƙasar, ka wanke, ka tsaga mai kauri gida biyu ko huɗu a ranar. Ka shanya a kan asabari ko tabarma bisa rumfa, ba a ƙasa ba, ka kwashe kafin raɓa ta sauka. Sai ta karye ƙas a hannu za ka ce ta bushe. In tana lanƙwasa, da saura. Lokacin hunturu ya fi kowane lokaci kyau ga wannan aiki. Cikin marka kuwa, a haƙo abin da za a yi amfani da shi nan take kawai. Leda ba wurin ajiya ba ce, tana sa gumi. Buhun algarara ko kwando a rataye inda iska ke shiga ya fi, nesa da randa.

In saye za ka yi, ka karya guda ka duba cikinta, ka sansana. Sanya mai kyau ƙamshinta kamar na man zafi ne. In warin tsohon ɗaki ka ji, ka bar ta. Ni dai ba na son a sayi dakakken gari daga wanda ba a sani ba, gama turmi yana ɓoye laifin kowace saiwa. Wanda idonsa ya yi rawaya kuma, a kai shi asibiti a gwada jininsa kafin a fara kowane jiƙo.

A taron ƙungiya mai zuwa, kowa ya zo da ƙullin da yake gidansa, mata su ma su zo da nasu, gama su ne masu ajiya. A baje a kan farin ƙyalle a rana, a karya, a duba tare. Magatakarda ya rubuta inda aka sayo kowane ƙulli da watan da aka saye shi, domin mu san hanyar da lalatattun suke biyowa.