Tattasaina Yana Zubar da Fure a Makka

Tambaya: Na shuka tattasai cikin bokitai a saman benenmu da ke Misfala. Ya yi ganye shar, amma furen sai ya bushe ya kakkaɓe. Ko sammu ne?

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, ba sammu ba ne, zafi ne. Tattasai ɗan gata ne, ya fi son sanyi-sanyi. Da zarar zafi ya haura digiri 32, sai fure ya zube kafin ya ƙulla ɗa, ga shi zafin Makka daga Yuni zuwa Satumba yakan wuce 40. Shi ya sa kayan lambu suka fi yi a Ɗa'ifa, inda tsauni ke kawo sanyi.

Ki jira Oktoba ki sake yafa iri, kamar yadda masu noman rani suke yi a Kano. Ki huda gindin bokitin, ki gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ki riƙa ban ruwa bayan Asuba. Da Azahar ki yi masa rumfa da buhu. Kore ma ana ci, amma in kin bar shi ya yi ja, ya fi zaƙi a miya. Kafin nan, kasuwar Ka'akiyya ta wadatar da ke.