Darasi na 7: Wa Zai Koya wa Yaro Haƙƙinsa?

Manufar darasi: mu gane cewa koya wa yara haƙƙinsu aiki ne na malamai, ma'aikatan makaranta da mu iyaye.

'Yan uwana mata, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro a Najeriya, mace ko namiji, zai yi karatun shekara 9 kyauta kuma dole: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Amma doka a takarda take. Yarinyar da ba ta san wannan haƙƙi ba, in an cire ta an ɗora mata talla, gani za ta yi haka rayuwa take. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa na kasa aikin uku.

Malamai: su ke faɗa wa yara a aji cewa suna da haƙƙin karatu, lafiya da kariya daga cin zarafi. Su kuma nuna a aikace. Malamin da ke zagin iyayen ɗalibi ya rushe darasinsa da kansa.

Sauran ma'aikata: maigadi, mai shara da mai dafa abinci suna ganin abin da malami ba ya gani. Su ke sanin yaron da manya ke ƙwace wa abinci, da mutumin da ke tare 'yan mata a bakin ƙofa. Nasu shi ne su kai wa hedimasta rahoto da wuri.

Mu iyaye: in yarinya ta ce ba ta son zuwa makaranta, kada mu fara da faɗa. Mu zaunar da ita mu ji dalili. Mu koya mata cewa jikinta nata ne, kuma in wani ya taɓa ta, ba laifinta ba ne, ta zo ta faɗa. Mu riƙa zuwa taron iyaye da malamai. Kwamitin kula da makaranta ma yana da kujerar mata, kada mu bar ta ba kowa.

Mu tattauna:
1. A garinmu, me ya fi hana 'yan mata gama firamare?
2. In yaro ya kawo ƙara, wurin wa za mu fara zuwa?

Aikin mako: mu zaɓi mata 2 su je su gana da hedimasta, su kawo mana bayani ranar zubi. Mu kuma yanke shawara ko asusun taimakon juna zai iya saya wa marayu littafi da yunifom.