Hanyar Mota Da Kurmi: Darasi Daga Kuros Riba

Mu da muka tashi a ƙasar Hausa mun san daji, amma ba kowa cikinmu ya san kurmi ba. A dajinmu mutum ya kan hango abokinsa daga nesa, rana kuwa ba abin da ya tare ta. Kurmi dabam ya ke. Manyan itatuwansa su kan kai tsawon mita 40 ko fi, rassansu sun haɗu a bisa kamar rufin soro, har da tsakar rana ma ƙarƙashinsu da duhu-duhu da laima. Tun da ya ke waɗansunmu za su koyar da labarin ƙasa in sun fita daga kwalejin nan, na ga ya kamata mu ɗauki kurmi guda mu duba shi sosai, mu ga abin da hanyar mota ta kan jawo masa.

Kurmi mafi girma da ya rage a Nijeriya yana Jihar Kuros Riba, a kan iyakarmu da Kamaru. A shekarar 1991 Gwamnatin Tarayya ta keɓe wani babban yanki nasa ta mai da shi gandun daji na ƙasa, girmansa wajen murabba'in kilomita 4,000. An raba shi kashi biyu, da Oban a kudu wajen Kalaba, da Okwangwo a arewa wajen Obudu. A ciki doka ta hana saran itace da farauta da noma. Akwai giwayen kurmi da birai iri iri. A duwatsun sashen arewa kuma akwai wani ƙaton biri da a ke kira gorilar Kuros Riba, wanda ba a samun irinsa ko'ina a duniya sai nan da tsallaken iyaka cikin Kamaru. Waɗanda suka rage ba su fi 300 ba, macen kuwa sai ta yi wajen shekara 4 kafin ta sake haihuwa. Ku dubi wannan lissafi, in an kashe guda, yaushe za a mai da shi?

A shekarar 2015 Gwamna Ben Ayade ya ce zai gina wani babban titi mai layi shida, tsawonsa kilomita 260, daga bakin teku wajen Bakasi har Katsina-Ala a Jihar Binuwai, domin kayan da jiragen ruwa za su sauke su wuce Arewa da sauri. Taswirar farko ta bi da titin ta cikin gandun Oban. Da aka yi ta kuka sai aka karkata shi, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe aikin a watan Oktoba na shekarar. Sa'an nan a Janairun 2016 gwamnatin jihar ta fid da sanarwa, ta ce ta karɓe ƙasar da ke gefen titin, kilomita 10 dama, kilomita 10 hagu, tun daga farkonsa har ƙarshe. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, da ita aka fake.

To, a nan ne darasinmu ya ke, kowa ya ɗauki alli. A ce faɗin titin da kafaɗunsa mita 100 ne, wannan kuwa an yi masa yalwa ƙwarai. Kilomita 260 sau kashi ɗaya cikin goma na kilomita ya ba mu murabba'in kilomita 26. Amma ƙasar da aka karɓe, watau 260 sau 20, ta kama 5,200. Ta fi gandun dajin kansa girma, ta kai wajen rubu'in jihar duka, ƙauyuka fiye da 180 suna ciki. Motar da za ta tafi Katsina-Ala me za ta yi da kilomita 10 a gefenta? Mutane da yawa suka ce katakon da ke tsaye a wurin shi a ke so. Ni ban ga laifinsu da suka yi wannan zato ba.

Amma ko da ba a karɓe taku ɗaya ba, titi shi kaɗai ya isa ya ci kurmi, ga kuwa yadda ya kan ci. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya tsare kurmin nan shekara da shekaru shi ne wuyar shigarsa. Mai zarton inji yana iya ka da itacen da ya shekara 200 kafin rana ta take, amma in ba hanya ba shi da yadda zai fid da katakon, sai ɗan abin da 'yan dako za su ɗauka a ka. Ran da babbar mota ta iya zuwa kusa, itacen ya zama kuɗi. Masu sara su kan tsaga 'yan hanyoyi daga titi zuwa ciki, su yi aiki da dare, su loda kafin gari ya waye. Ma'aikatan gandun daji kuwa 'yan kaɗan ne, da ƙafa su ke yawo, ba su iya tsare kowace kafa.

Bayan mai sara sai maharbi. Da, in ya kashe nama sai ya ƙyafe abin da zai iya ɗauka. Yanzu mota tana jiransa a bakin titi, za ta kai naman kasuwar birni ran nan. Tarkon waya da ya kan kafa ba ya zaɓe, wanda aka ɗana wa gada ya kan kama hannun ɗan gorila. Bayan maharbi kuma sai manomi, ya ga fili an riga an sassabe masa rabi, ya cinna wuta, ya dasa koko da ayaba. Shi ne mai zama, in ya kafa bukka kurmi ba ya komowa wurin.

Akwai kuma ɓarnar da ba hannun kowa. In an tsaga kurmi, rana da iska su kan shiga ta bakin tsagar, laima ta bushe, itatuwan gefe da ba su saba da iska ba su riƙa faɗuwa, gobarar da ba ta iya cin kurmi da, yanzu ta sami abin ci. Dabbobin da ke tsoron ketare titi su kan rabu gida biyu, kowane garke ya yi ta aure cikin danginsa har irin ya raunana. Masana da suka auna kurmin Amazon na ƙasar Birazil sun ba da labari a 2014 cewa wajen kashi 95 cikin 100 na saran da aka yi yana cikin kilomita 5 da rabi daga hanya, ko kilomita 1 daga kogin da jirgi ke bi.

Kada wani ya ce ina ƙin hanya. Akwai ƙauyuka irin su Okwa da ke can tsakiyar gandun Okwangwo, in mace ta kasa haihuwa sai a ɗauko ta a ka. Wanda ya zauna a inda mota ke tsayawa ƙofar gidansa bai kamata ya yi musu wa'azin haƙuri ba. Maganar ita ce ta ina za a bi da hanyar, kuma wa ke da iko da abin da ke gefenta.

Mutanen Ekuri sun amsa wannan tambaya tun kafin a yi ta. Ƙauyuka biyu ne a gefen gandun Oban, suna da kurmin kakanninsu mai faɗin hekta 33,600. Su ma da ba su da hanya, masu katako kuwa suka yi musu tayin za su yi musu ita in sun ba da kurmin. Suka ƙi. Suka kafa ƙungiyarsu a 1992, suka riƙa tara kuɗi daga abin da kurmin ke bayarwa, suka yi wa kansu hanyar ƙasa, itatuwansu na nan tsaye. A 2004 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su kyauta saboda wannan aiki. Abin mamaki, da aka karkata babban titin don ya kauce wa gandun gwamnati, cikin kurminsu aka jefa shi. A farkon 2016 motocin ture ƙasa suka fara aiki a yankin, mata da maza suka fito suka ce ba su yarda ba.

Dokar 1992 ta ce ba a fara babban aiki irin wannan sai an bincika ɓarnar da zai yi, an kai wa Gwamnatin Tarayya ta yarda. Ba a cika wannan ba, saboda haka Ma'aikatar Muhalli, a ƙarƙashin Hajiya Amina Mohammed, ta ba da umurnin a tsai da aiki. Mutum fiye da 250,000 na gida da waje suka sa hannu a takardar kuka. A Fabrairun 2017 gwamnatin jihar ta janye batun kilomita 10 ɗin, daga baya kuma ta yarda ta kauce wa Ekuri. Gwamnan ya sauka a 2023 titin bai ƙaru ba. Duk wannan lokaci akwai tsohuwar hanyar Kalaba zuwa Ikom zuwa Ogoja tana nan tana neman gyara, da ita aka bi da ba a taɓa sabon kurmi ba.

Tsayawar titin ba ta tsai da zarto ba. Jihar ta hana saran katako tun 2008, aka ɗage hanin a 2023, amma cikin shekarun nan 15 motocin katako ba su daina fita a ɓoye ba. Mu ma 'yan Arewa mun ga irinta a kan madobiya, wadda aka yi ta sarewa a Taraba da maƙwabtanta ana kai wa ƙasar Sin, har aka tsai da fid da ita daga Nijeriya a 2018.

Ga yadda za a kai darasin nan aji. Malami ya zana kurmi a allo ya cika shi da koren alli, ya ja layi guda ya ratsa shi, sa'an nan ya kira yara ɗaya ɗaya. Wannan mai sara ne, wannan maharbi, wannan manomi, kowa ya share ɗan wuri da tsumma, amma sai inda ya taɓa layin ko inda wani ya riga ya share. Kafin yaro na goma ya zauna za su ga abin da ya rage. Lissafin 260 sau 20 kuwa a bar su su yi da kansu a littafi. In akwai tsoho a garin da ya san wurin kafin mota ta zo, a roƙe shi ya zo ya faɗa musu sunayen itatuwa da namun da ya sani a da, yara su rubuta, ran Jumma'a a fita da su a ƙidaya waɗanda za a samu.