Darasi: Kiwon Tsohuwar Motar Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, yawancin ƙungiyoyinmu ba su da ƙarfin sayen sabuwar mota. Abin da muke da shi tsohuwar a-kori-kura ce, ko Toyota Hilux, ko Peugeot 504 irin wadda aka haɗa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Ita ke kawo mana taki, ita ke kai masara kasuwa, ita kuma ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. In ta kwanta a watan Yuni, taki ya makara, gonar kowa ta ji a jikinta.

Ba tsufa kaɗai ke kashe irin wannan mota ba, ƙananan abubuwa ne da muke ƙyalewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

1. Kowace safiya

Kafin a ta da inji, direba ya duba abu biyar: baƙin mai, ruwan lagireto, man birki, fambel, da iskar taya. Ya leƙa ƙarƙashin mota kuma, ko wani abu ya ɗiga da dare. A auna baƙin mai a wuri mai daidai, ya tsaya tsakanin alamu biyu na sandar awo. Tsohon inji yakan sha mai, saboda haka kada mu dogara ga awon jiya.

2. Baƙin mai da ƙura

A hanyoyinmu masu ƙura, mu juye baƙin mai kowane kilomita 5,000, mu canja filtarsa tare. Ƙari a kan tsoho ba juyi ba ne. Mu guji man da ake aunawa daga buɗaɗɗen duro. Da hunturu mu kakkaɓe filtar iska kowane mako. In ta yage, a sake ta, gama ƙurar da ta shiga inji tana cin ringi kamar dutsen wasa wuƙa.

3. Zafi

In allurar zafi ta hau ja, a tsaya nan take, a kashe inji. Kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, don tafasasshen ruwa zai ƙona fuska. Kada kuma a zuba ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kan injin yana iya tsagewa. Ruwan rijiya yakan bar tsatsa da dasashi a cikin lagireto, gara ruwan kulan da ake sayarwa domin wannan aiki. Injin da taimin ɗinsa na bel ne, a sake bel ɗin a kilomitar da littafin motar ya faɗa, kada a jira ya tsinke.

4. Abin da hayaƙi ke faɗa

Shuɗin hayaƙi: inji yana ƙona baƙin mai, wataƙila ringi ya cinye. Baƙin hayaƙi: mai ya yi yawa, ko filtar iska ta toshe. Farin hayaƙi da bai daina ba bayan inji ya ɗumama: ruwa yana shiga inji. In kuwa baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara, yawanci gasket ya ƙone. Kada motar ta ƙara tafiya, a kira bakanike.

5. Birki da taya

In man birki yana raguwa, ko birki ya yi laushi a ƙafa, motar ba ta fita sai an gyara. Kada direba ya kashe inji a gangara wai yana tattalin mai. Wannan wasa ne da ran mutane. Kafin mu sayi taya, mu karanta lambobi huɗu da ke gefenta: 2319 yana nufin an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar gwanjo da ta tsattsage a gefe ba araha ba ce. Lodi fiye da kima kuwa yana karya sifirin, yana fasa taya.

6. Littafi da asusu

Motar kowa takan zama motar da ba ta da mai ita. Saboda haka ƙungiya ta naɗa mutum ɗaya mai kula, ta ba shi littafi. A rubuta kwanan wata, kilomita, abin da aka gyara, da kuɗinsa. Daga kuɗin kowace jigila a ware wani kashi domin gyara, kada a ranta shi ga kowa. Mu riƙe bakanike ɗaya mai gaskiya, mu karɓi tsohon kayan da ya cire. Babban sabis kuma a yi shi cikin Afrilu, kafin ruwa ya sauka.

Tambayoyi domin taro

1. Yaushe aka juye baƙin man motarmu, a kilomita nawa?
2. Wa ke riƙe da littafin motar?
3. In gasket ya ƙone gobe, nawa muke da shi a asusu?