Gyaran Ɗaki Daidai Aljihu: Shawarwari 8 Ga Uwargida

Duk wadda ta je ganin ɗakin amarya a Azare cikin 'yan shekarun nan ta san yayi ya juya. An sauke jeren kwanuka da samiru masu kaiwa silin. Yanzu sai bango ruwan madara, silin ɗin POP mai ɓoyayyun fitilu, labule daga sama har ƙasa, da kujerun da ake kira 'yan Turkiyya. Uwargida tana ganin hotunan a Instagram da TikTok, ta ɗaga kai ta dubi nata ɗakin, sai ta ji duk ya tsufa. Amma ɗakin hoto bai san ƙurar hunturu ba, bai ɗanɗana zafin Afrilu na ƙasar Katagum ba, gara kuma ba ta san hanyarsa ba. Ki ɗauki abin da ya dace da garinki da aljihunki, ki bar wa masu hoto sauran.

1. Fara da ragewa. Rabin kyan ɗakunan da kike gani a waya sarari ne, sarari kuwa ba a sayensa. Ki fitar da komai tsakar gida, ki share, sannan ki mayar da abin da ake amfani da shi kaɗai. Akwatunan da ke kan wadirob, kalandar shekara uku, furen roba da ƙura ta mayar ruwan ƙasa, duk su tafi. Abin da ke da sauran daraja ki ba dillaliya, kuɗinsa ya zama jarin gyaran.

2. Gyara rufi da gindin bango tukuna. Na san wani gida da aka kashe kuɗin POP ana gab da biki, ba a duba kwano ba. Ruwan farko na damina ya zana taswira ruwan shayi a tsakiyar silin, kafin Agusta gefe guda ya rufto kan gado. POP ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Haka takardar bango: in gindin bangon yana tsattsafo da danshi yana fitar da farin gishiri, ko wata uku ba za ta yi ba za ta fara ɓallewa. A toshe yoyo, a kankare wurin da ya kumbura a sake filasta, a bar shi ya bushe sarai. In akwai hanyar gara, a yi mata magani tun kafin a jingina katako.

3. Fenti ya fi komai sauya ɗaki. Bokiti mai lita 20 na fentin ruwa yakan wadaci ɗaki mai ƙafa 12 da 12, shafi biyu, in mai fenti bai cika masa ruwa ba. Fari ƙal yana tona ƙura da hannun yara. Ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske ko toka-toka sun fi rufa asiri. In kina son launi mai ƙarfi, ki ba shi bango ɗaya, wanda gado ko talabijin ke jingine da shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin hazo ya sauko ya manne a ɗanyen fenti.

4. Sayi yadin labule, ki kai wa tela. Ɗinkakken labule na kanti ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ki auna faɗin taga ki ninka biyu don ya yi tattara, a kafa ƙarfen kusa da silin, labulen ya sauko ya kusa taɓa ƙasa. Wannan kaɗai yana sa gajeren ɗaki ya yi tsawo a ido. In wani na gida zai bi hanyar Kano, a haɗa saƙo da maƙwabta a yanko a Kantin Kwari. Taga mai kallon yamma tana son yadi mai kauri saboda ranar la'asar, amma ki guji mai gashi-gashi: rumbun ƙura ne.

5. Kada ki yar da kujerun aurenki. Ki sa a kifa ɗaya a duba ƙashinta. In katakon gaske ne, ya fi yawancin sababbin da ake haɗawa da matsattsen garin katako, wanda ruwan goge ɗaki kaɗai ke kumbura shi. Kafinta zai sauya soso da yadi, ya rage tudun hannuwan, ya sa sababbin ƙafafu, su fito kamar na yayi. Ki je da hoton abin da kike so, ki zaɓi yadin da hannunki, a rubuta ranar karɓa, kuma kada ki biya duka kafin ki ga aiki. In ɗakin ƙarami ne, zaman ƙasa irin na Larabawa, katifu siraru da matasai a jikin bango, ya fi saiti arha da ɗaukar baƙi.

6. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin dariya, a Turai da Amurka yayin da ake yi shi ne jera saƙaƙƙun faya-fayai a bango, ana sayensu da tsada. Mu kuwa ga su a kasuwannin Azare, Jama'are da Gamawa, ana rufe ƙwaryar fura da su. Wata maƙwabciyata ta jera bakwai a saman doguwar kujera, babba mai ja da kore a tsakiya, ƙanana suna kewaye da shi, kowanne da ƙusa ɗaya. Ta shimfiɗa tabarmar kaba, ta ajiye tumtum na fata biyu, da kaskon turaren wuta a kusurwa. Duk wadda ta shiga sai ta tambayi inda aka yi odar su. Zanen rini na Ƙofar Mata ma, in aka ɗaure shi a firam, ya fi hoton kanti.

7. Gyara haske. Ƙwai ɗaya fari fat a tsakiyar silin yana mayar da ɗaki kamar ɗakin asibiti. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, ba ya ƙara zafi, kuma ƙaramin sola yana ɗaukarsa. Ki sa mai ɗan ruwan ɗorawa a ɗakin kwana, fari a kicin. Madubi a bangon da ke fuskantar taga yana ninka hasken rana kyauta.

8. In gidan haya ne, yi adon da zai bi ki. Azare gari ne na ma'aikata da ɗalibai, daga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh zuwa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, kuma canjin wurin aiki ba ya sallama. Tayil da POP na mai gida ne ranar da kika tashi. Labule, kafet, madubi da fitila kuwa mota ɗaya za ku hau.

Kada ki ci bashi don yayi, domin yakan wuce kafin a gama biya. Ki raba aikin bisa kwasar adashi: wannan karon rufi da fenti, na gaba labule, na bayansa kujeru. Ki kuma kauce wa makonnin gab da Sallah, lokacin da tela da kafinta ba sa ɗaga kai. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗakin da aka share, aka turara, mai shi kuma ta kwanta ba ta tunanin mai bin bashi, shi ne ɗakin da ya gyaru.