Gwajin Jini Kafin Shan Magani

Wata mai sauraronmu daga Funtuwa ta tambaya: me ya sa likita ya rubuta wa ɗanta gwajin G6PD kafin ya ba shi magani, alhali an riga an yi masa na sikila?

To, Malama, gwaje-gwajen biyu daban suke. G6PD wani sinadari ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma ƙarancinsa gado ne. Ya fi bayyana ga maza, domin ɗa namiji ta wajen mahaifiyarsa yake gadonsa, kuma yana da yawa a Afirka ta Yamma.

Mai wannan ƙarancin kan girma lafiya lau, bai ma sani ba, sai ranar da ya sha magunguna irin su primaquine, dapsone ko nitrofurantoin. Cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin jinin su farfashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, yaro ya galabaita. Ko kafur da ake jefawa cikin kayan jarirai yana iya jawo haka.

Likitan ya yi daidai. A yi gwajin, a adana takardar sakamakon, a riƙa nuna ta duk inda za a rubuta wa yaron magani.